Gwaji ya nuna GBS, uwar mijina ta ce sanyi ne

Tambaya: Likita, ina zaune a Aboabo, Kumasi, cikina wata takwas. Gwajin awo ya nuna ina da GBS, ungozoma ta rubuta a kati, ba ta ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Uwar mijina ta ce sanyi ne, ta sayo mini amoxicillin da jiƙo. Na taɓa rasa jariri kwana biyu da haihuwa, tsoro ya hana ni barci.

Amsa: Allah ya sa mai ceto ne, 'yar'uwa. Ungozomarki ba ta yi sakaci ba. GBS wata ƙwayar cuta ce (bakteriya) da ake kira Group B Streptococcus, a hanji take zaune, daga can take sauka gaba, kuma kusan mace ɗaya cikin biyar na ɗauke da ita lafiya lau. Haɗarin na jariri ne, lokacin da yake fitowa. Maganinsa penisilin ta jijiya idan naƙuda ta kama, a samu awa 4 ko fiye kafin haihuwa.

Wannan magana ta "sanyi" kuwa ta ishe ni. Kullum sai mace ta zazzage mini jaka a kan tebur: jan kafso, Flagyl, gorar jiƙo mai lakabin "yana wanke mara". Me zai wanke? Ki sha amoxicillin sati guda, ƙwayar cutar ta lafa, kafin ranar haihuwa ta sake saukowa daga hanji. An yi asarar sidi, an koya wa wasu ƙwayoyin jure magani, sannan uwar ta saki jiki ta yi zamanta a gida har faya ta fashe da awanni. Nan ake rasa yara. Mai kemis da mai tallan magani a mota ba sa nan ranar da jariri ke nishi. Kuma a bar mijinki ya huta, ba daga waje ya kwaso ba. Sai in an ga GBS a fitsari ake ba da magani tun da ciki.

Da kin ji naƙuda ko faya ta fashe, ɗauki katinki ki tafi, ki faɗa da bakinki tun a ƙofa: ina da GBS, na taɓa rasa jariri. In penisilin ba ta karɓar jikinki, ki faɗa.

Bayan haihuwa, in yaro yana gurnani, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, kada a tsaya rubutu ko jiƙo, kada a jira gari ya waye. A nufi asibiti mafi kusa, in ya fi ƙarfinsu su tura ku babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi.