Amsa: barin gida ga cocin Katolika a Tahoua

Baba, kan tambayarka ta barin gidanka ga misiyon Katolika bayan ranka, yana yiwuwa sosai, Allah ya saka da alheri. Amma kar ka tsaya ga faɗa da baki gaban limamin cocin, ka je wajen notar, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta takardu da tabbatar da su, a rubuta wasiyya a sa cikakken sunan mai karɓa, don Tahoua ƙarƙashin diyosis ɗin Maradi take, wato yankin da bishop na Maradi ke shugabanta, ba na Yamai ba, in aka rubuta "coci" kawai to rigima ce. Takardun gidan ma su kasance da sunanka. Sannan 'ya'yanka na da haƙƙinsu a gadon, don Allah ka tara su ka gaya musu tun kana da lafiya, notar zai faɗa maka iya kason da za ka iya bayarwa.