Tambayoyinku: Me ya sa garkuwar jiki take ƙyale ciwon daji?

Likita, mahaifiyata tana fama da sankarar mama. An ce jiki yana da sojoji masu kashe cuta, to ina suke har ciwon ya yi girma haka? (Wata 'yar'uwa daga Katsina)

Allah ya ba Mama lafiya. Sojojin suna nan, hana su aiki aka yi. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira Treg, aikinsu rabon faɗa: su ke tsawata wa sauran don kada su afka wa jikin da suke karewa. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya bayyana su a 1995, kuma a kan wannan fanni aka ba shi kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Ƙarin daji yana fitar da sinadaran da ke janyo waɗannan ƙwayoyi su taru a cikinsa. Kuma zaman wurin yana karɓarsu. Ƙarin yana cinye sukarin da ke kewaye da shi, ya bar wani sinadari mai tsami. Masu kashe cutar sai yunwa ta galabaitar da su, su kuwa Treg suna iya mayar da wannan tsamin abinci, kamar yadda masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka nuna a 2021.

To me zai hana a kashe su gaba ɗaya a huta? (Wani ɗalibin jinya daga Maraɗi)

Ɗana, ba za a huta ba. Akwai yara maza da ake haifa da tawaya a ƙwayar gadon da ke tafiyar da Treg, wato FOXP3. Tun suna jarirai garkuwarsu take juyowa kansu da gudawa marar tsayawa, ciwon sukari da ƙurajen fata.

Ko a cikin ƙarin ma, mutuwar Treg ba ta kashe maganar. A 2017 wani bincike a Jami'ar Michigan ya gano cewa idan Treg suna mutuwa sukan zubar da sinadarin da ke rikiɗa ya koma adinosin, wanda yake ƙara sanyaya masu kashe cutar. Akasarin gwajin a jikin ɓeraye aka yi, amma ni a ganina darasi ne babba ga masu haɗa magani. Akwai kuma wasu fararen ƙwayoyin jini masu danne garkuwa da ake kira MDSC, ba sa daɗewa suke mutuwa, sai dai ɓargo yana ta turo sababbi muddin ƙarin yana nan.

Wani mai magani ya ce in bar allurar asibiti in sha haɗinsa na ƙara garkuwa. (Wani magidanci daga Kumasi)

Malam, don Allah kada ka bari. Babu wani haɗin kasuwa da aka tabbatar yana taɓa waɗannan ƙwayoyi. Magungunan da ke sakar wa garkuwa mara na gaskiya suna nan, irin su ipilimumab da Amurka ta amince da shi a 2011, da pembrolizumab. Suna da tsada ƙwarai, ba kowane daji suke yi wa aiki ba, kuma sukan jawo kumburin hanji, hanta ko huhu, shi ya sa sai da kulawar likita. Ka ɗauki haɗin nan ka kai wa likitanka ya gani, domin wasu saiwoyin suna wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da kake karɓar allura.