Tambaya da Amsa: Daga Bauchi Zuwa Jos a Kan Keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu tara ne, abokan juna a unguwar Wunti da ke Bauchi, kuma mun ƙudurta zuwa Jos a kan keke a hutun watan Disamba. Tafiya mafi nisa da muka taɓa yi ita ce zuwa Dass, kuma uku daga cikinmu kekunansu ba su da giya. Shin za mu iya kaiwa a yini ɗaya, kuma me ya kamata mu fi kiyayewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ku raba tafiyar kwana biyu, ku yada zango a wajejen Nabordo ko Toro. Tsakanin Bauchi da Jos akwai kimanin kilomita 130, amma ba nisan ne abin dubawa ba. Bauchi tana kan tudun da ya kai kusan mita 600 daga doron teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200, kuma hanyar ba ta hawa a miƙe, sai an hau an gangara an sake hawa, ta yadda abin da ƙafa za ta tuƙa ya zarce wannan bambancin sosai. Mafi tsananin hawan yana can gaba, daga Tilden Fulani zuwa cikin Jos, wato daidai lokacin da ƙarfi ya riga ya ƙare idan an ce a yini ɗaya za a kai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne mutum ukun nan marasa giya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za a gane bambanci ba, amma da zarar an wuce Zaranda an fara cin karo da tudu, mai giya zai sassauta kacarsa ya ci gaba da juya feda yana hira, shi kuwa marar giya zai miƙe tsaye kan feda, keken yana karkata dama da hagu, har ya sauka ya tura. A nan ayari yake tsinkewa. Na gaba su tsaya a kan tudu su huta, na baya yana isowa da haki sai su ce a tashi, ya zama wanda ya fi kowa gajiya shi ne bai taɓa hutawa ba. Saboda haka ku yi yarjejeniya tun daga gida cewa ba a ƙirga hutu sai na ƙarshe ya iso ya sha ruwa, sannan ku sa mafi ƙarfinku a can baya, famfo da kayan faci da tayar ciki suna hannunsa. Tura keke a kan tudu ba abin kunya ba ne, kodayake na san samari da wuya su yarda da haka.

Gangara ta fi hawa haɗari, musamman ranar dawowa. Kada a danne birki a riƙe, domin robar tana zafi ta daina kamawa. A riƙa matsawa ana saki, na baya da na gaba tare, domin cafke na gaba shi kaɗai yana kifar da mutum. Ku jera ɗaya bayan ɗaya da tazara mai kyau, kowa da hular kwano, saboda tireloli da tankoki suna bin hanyar nan, kuma babbar mota mai gangarowa da kaya ba ta tsayawa nan take.

A lokacin hunturu gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya zaci bai rasa ruwa ba har jijiyar ƙafa ta ɗaure. A riƙa kurɓa ko babu ƙishi, a ajiye haɗin gishiri da sukari, a ci dabino, ayaba ko gyaɗa kaɗan-kaɗan maimakon a cika ciki da tuwo a tsakiyar hanya.

Ku tashi bayan sallar asuba idan gari ya waye, ku sauka kafin magariba, ku riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. Kowa ya saka rigar sanyi a jaka, domin wanda ya shiga Jos da jiƙaƙƙiyar riga a yammacin Disamba zai kwana yana karkarwa.