Wai da gaske jirgin Calypso na yaƙi ne?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni masunci ne a Bur Sudan, tun muna yara dattawa ke ba mu labarin Turawan da suka tare a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi da jirginsu Calypso, to kwanan nan wani yake ce min wai asalinsa jirgin yaƙi ne. Jirgin katako kuma yaƙi? Don Allah a warware mana.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar kamu. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, kuma katakon nan da kake mamaki shi ne ma sirrin abin. A yaƙin duniya na biyu an zuba nakiyoyi a teku, wasu da an taɓa su sai su tashi, wasu kuma masu maganaɗisu ne, da jirgin ƙarfe ya gifta sai ka ji dam, shi ya sa aka riƙa ƙera masu share nakiya da katako don su ratsa lafiya suna jan waya a bayansu tana tsinke igiyar nakiyar ko ta tayar da ita daga nesa. Aiki ne na sai da rai wallahi, su ake turawa gaba kafin manyan jirage su wuce, amma ba kasafai ake ambatonsu ba, ni abin yana min ciwo.

Calypso ma irin waɗannan masu share nakiya ne. A Siyatil ta Amurka aka ƙera shi, ya shiga ruwa a 1942, a 1943 aka miƙa wa sojan ruwan Ingila da lamba J-826, ya yi aikinsa a Bahar Rum, Malta da Taranto ta Italiya. A 1947 aka sallame shi daga soja, ya koma fito tsakanin Malta da tsibirin Gozo, a nan ya samu sunan Calypso.

Sai a 1950 wani attajiri Loel Guinness ya saya ya ba Bafaranshen nan mai binciken ƙarƙashin teku Jacques Cousteau haya, faran ɗaya kacal na kuɗin Faransa a shekara! Tafiyarsa ta farko ta bincike ma Bahar Maliya ya zo a 1951, ta gefen Saudiyya. Na dattawanku kuwa 1963 ne, mutanen Cousteau suka yi wata guda a wani ɗaki da aka kafa a zurfin mita 10 ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, cikin Bahar Maliya ta gefen Sudan, har yau masu nutso na zuwa kallon ragowar ginin.

Abin tausayi, jirgin da nakiya ba ta ci shi ba, a 1996 wani jirgin dakon kaya ya buge shi a tashar Singafo ya nutse, sai daga baya aka ɗago shi aka mai da shi Faransa.