Allurar ɗibar jini ta soke ni: me zan yi?

Tambaya: Likita, ina aikin jinya a Tahoua. Na ɗebi jinin maras lafiya, ina mayar da murfin allura sai ta soki yatsana. Ina mafita?

Amsa: Sannu, ƴar'uwa. Ki wanke wurin nan take da ruwa da sabulu. Kada ki matse shi, kada ki tsotsa. Daga nan ki sanar da shugabar sashenku, a gwada jininki da na maras lafiyar, da yardarsa: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C.

Maganin rigakafin ƙanjamau ya fi aiki idan an fara shi cikin awoyin farko. Bayan awa 72 lokacinsa ya wuce. Kwana 28 ake sha, ba fashi. Idan maras lafiyar yana ɗauke da cutar, haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1000, amma na hanta B yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wadda ba ta yi rigakafi ba. Ciwon hanta B ne mutane suka fi rainawa, abin takaici.

Mayar da murfi da hannu biyu ne ya jawo miki wannan. Allura ta tafi kai tsaye cikin kwalin allurai, ki ajiye shi kusa da hannunki, kuma a rufe shi idan ya cika kashi uku cikin huɗu.