Zaɓen makaranta a gundumar Fairfax

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kana da damar sa yaronka a duk makarantar gwamnati da ka ga dama a gundumar Fairfax ta jihar Bajiniya a Amurka, wadda ke gefen birnin Washinton. A'a, adireshin gidan da kake zaune ne yake zaɓa maka makaranta.

Hukumar ilimin gundumar, wadda aka kafa a 1870, tana kula da ɗalibai wajen 180,000, kuma mafi yawan kuɗinta daga asusun gundumar yake fitowa, wanda harajin gidaje ke cikawa. Ranar da na kai 'yata rajista, takardar hayar gida aka fara nema. Akwai 'yan makarantun da suka fita daban, irin su sakandaren kimiyya da fasaha ta Thomas Jefferson, inda sai ɗalibi ya nema an tantance shi.