Soron gado na yoyo, kuɗin kwano babu

TAMBAYA: Salam Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Soron da mahaifinmu ya bari ne yake yoyo duk damina, har ƙasa na zubowa kan gadon Inna, kuma wallahi ba halin sayen kwano. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ji ƙan Baba. Fara duba indararo tukuna, sau da yawa shi ne ya toshe da ciyawa ruwa ya kwanta a sama. Sai ka shiga ciki ka ƙwanƙwasa azara, in gara ta cinye ta to dan Allah a fitar da Inna yau ɗin nan a kira magini, soro in ya sha ruwa rufta wa mutane yake.

In azara lafiya lau, ka kankare inda ya tsage ka cike da ƙasa mai kyau da ta kwana a kwaɓe, ka shimfiɗa leda mai kauri, ka bi da sabon yaɓe da makuba ta bawon ɗorawa, a karkata shi wajen indararo. Kar ka labta ƙasa da yawa, nauyi ne. Siminti kuwa ban ba ka shawara ba, baya kama ƙasa, tsagewa yake ruwa ya bi ta ƙarƙashi. A yi aikin da rani ya bushe sosai.